Hannun Innata a Bangon Mujalla

Shekaranjiya maƙwabciyata ta babbake ƙafar akuya a bakin ƙofarta, ƙaurin ya shigo mini ta taga, sai na tsinci kaina zaune da carbi a hannu ban ja ko ɗaya ba. Ƙaurin fata a kan garwashi ba baƙona ba ne, a cikinsa na tashi. Ku da kuka zo duniya kuka tarar da kiɗa a cikin waya, ba za ku san cewa bandiri sai an gasa shi yake magana ba. Nan Jidda teku ke mulkin iska. Danshinta yana shiga tufafi, yana shiga gishiri, yana shiga fatar bandiri ta saki, in an buga sai a ji kamar an mari katifa. Don haka kafin Innata ta taɓa nata, sai ta hura gawayi a kasko, ta riƙe shi sama da wutar tana jujjuyawa, tana ƙwanƙwasawa da yatsa ɗaya, kunnenta a karkace, har ya amsa mata da muryar da take nema.

Kiɗan biki take yi. Akwai wata mai waƙa, mace mai jiki da faɗin baki, wadda manyan gidaje ke kira in za su aurar da 'ya'yansu, tana da mata masu kiɗa a bayanta, kusan dukansu namu ne, jikokin mahajjata. Inna ce ke riƙe da babban bandiri, wanda sauran ke bi. Wurin bikin mata babu namiji, babu mai tambayar takarda, shi ya sa sana'ar ta dace da ita. Don Innata ba ta da iƙama, takardar izinin zama, kuma wannan ita ce maganar da ke kwana da mu ta tashi da mu.

Ba haka ta fara ba. Dā tana da takarda a hannun wani kafili, wato ubangidan da ya tsaya mata, ɗan kasuwa a unguwar Sharafiyya, tana yi musu aikin gida. Da aka haife ni, matar gidan ita ma ta haifi ɗa namiji, amma nononta bai zo ba. Sai Inna ta haɗa mu, ni a dama shi a hagu, har muka fara zama. Daga nan matar ta ce nonon ba ya isar biyu, a kai ni wurin kakata a dinga ba ni madarar gwangwani. Inna ba ta musa ba. Wata rana da hantsi ta goya ni kamar za ta sayo burodi, ba ta sake komawa ba. Maigidan ya kai rahoto cewa ta gudu. Babana da uwarsa, wadda muke kira Kaka, suka tattara 'yan komatsanmu daga unguwar Bani Malik muka koma unguwar Kurayyat, cikin gidajen langa-langa inda layi ke shiga layi. Baba haihuwar nan ne, da takardarsa, mu ma a kanta muke. Inna kaɗai ce in an kama ta sai tarhil, gidan da ake tsare waɗanda za a kora, daga tarhil sai jirgi, zuwa ƙasar da ta baro tana yarinya.

Saboda haka gidanmu yana da dokoki. Inna ba ta bin babban titi. Ba ta fita sai fuska a rufe. Bayan aikin hajji, lokacin da kame ke zafi, Kaka kan zauna a bakin ƙofa da turmi. In ta hango motar da ba ta sani ba sai ta kama dakan turmi babu komai a ciki, Inna ta ɗage wani kwanon katanga da muka bari babu ƙusa ta faɗa gidan maƙwabta. Har yau in na ji taɓarya a turmi wayam, sai na dubi ƙofa.

To, mujallar. Ban iya karatu ba, ban taɓa iyawa ba, amma na san mujallar nan fiye da waɗanda suka karanta ta, don a kan Babana take yawo. Dako yake yi wa masu shagunan kaset, shi ke ɗaukar kwalaye daga sito yana rarrabawa. Ya ce mana tun zamanin faifai ta fara, 'yar falle-falle ce da ake ba masu shago kyauta don su san waƙar da ta fito. Da kaset ya zo, sai ta yi ƙiba, ta yi sheƙi, ta koma wata-wata, tana tafiya ƙasar nan duka. Sai kuma suka ƙirƙiro kyautar shekara. Ba masu saurare ke zaɓe ba, masu shago ne, don su suka san abin da ake nema da abin da ke cin ƙura a kanta. Da fari mawaƙa maza ne kawai da masu kaɗa tsirkiya. A hankali aka ga kaset ɗin biki ya fi komai fita, don kowace uwa tana son na gidanta, sai aka buɗe masa ƙofa shi ma.

Baba kan kawo mana waɗanda suka yage. Ina son ƙamshinsu, wani ƙamshi kamar na sabon takalmi. Kaka tana sayar da soyayyar gyaɗa, amma ba ta yarda a ƙunsa ta da shafi mai rubutu ba, wai ba a san inda sunan Allah yake a ciki ba. Sai masu hoto take yagewa. Mawaƙa nawa ne suka tafi gidajen mutane da gishiri a gashin baki.

Mai waƙar nan ta fara yin kaset. A gidanta ake ɗauka, da rana, a wani ɗaki da aka jingina katifu a bangonsa, mai na'urar yana waje an zuro waya ta taga. Inna ta tafi da ni sau da yawa. Akwai wani kiɗa da ta zo da shi daga gida, na lugude, wanda mata ke yi a bakin turmi, ta ɗora shi a ƙarƙashin waƙar amarya. Wannan kaset ɗin ya kama gari. Kana tafiya sai ka ji hannun Innata yana fitowa daga motar haya, daga shagon shayi, daga tagar gidan da ba za a bar mu mu taka ƙofarsa ba. Sunanta babu a kai. Mu kuwa hakan ya yi mana daidai.

Ana nan, ana nan, ran nan da la'asar sai ga mai waƙa ta cika mana ƙofa, tana haki, tana fifita da gefen mayafi.

"Ina takariyata? Fito, ya shekha, masu shago sun haukace. Bana sun ƙara kyautar mai kiɗa, kuma ke suka ba."

Kaka ta ce, "Su aiko da ita a kwali."

"Ya Hajja, dokarsu ce, babu hoto babu kyauta. Mace za su turo da kyamara, ba namiji ba. In kuma muka ƙi, wata ƙungiya za a ba, bukukuwan bana su bi ta. Matan nan da ke bayana da me za su ci?"

Kaka ta ce, "Su ci abin da suka ci bara."

Inna tana tsugune tana tsince shinkafa, amma na ga hannunta ya tsaya a cikin tiren. Yarinya ce ni, duk da haka na gane tana so. Mutum ya yi shekaru yana bin bango, rana ɗaya a ce an ji shi, ba ƙaramin abu ba ne.

Baba ne ya kawo dabara da ya dawo. Ya ce ai fuska ce abin tsoro, fuska ake kamawa. A ɗauki hannu a kan bandiri, shi ke nan, kuma kada a sa suna. Mai waƙa ta kai maganar, masu mujalla suka yarda, wai ma ya fi kyau. Kaka ta daɗe tana tauna goro kafin ta ce, "Hannu dai hannu ne." Ita da kanta ta kwaɓa lalle ta ƙunsa wa Inna. Dukanmu a gidan, babba da yaro, muna ganin mun yi wayo.

Innata da cindo aka haife ta a hannun hagu. Wanzamin da ya cire bai cire duka ba, ya bar wani ɗan tsiro a gefen ƙaramin yatsa kamar ƙwayar wake, da tabo a karkace. Mu mun saba da shi har ba ma ganinsa. Kuma hagu ce ke riƙe bakin bandiri, yatsu a baje a kan fata, suna kallon mai kallo.

Mun zaci ɗan ƙaramin hoto ne a can ciki. Ranar da mujallar ta fito, Baba ya dawo tun azahar, abin da bai taɓa yi ba, ya zaro ɗaya daga cikin rigarsa ya ajiye a tabarma. A bango suka sa shi, ya cika shafin. Fata mai ruwan zuma, jan lalle, ga ɗan tsiron nan ya fi komai fitowa, har da inuwarsa.

Kaka ta kalla, ta kalla. Sai ta ce a hankali, "Mun rufe ƙofa mun bar taga a buɗe. Gidan da kika yi wa bauta, yaushe suka taɓa kallon fuskarki? Hannunki suka sani."

Inna ta ja hannunta ta tura ƙarƙashin zane.

Watan nan ban taɓa ganin mai tsawonsa ba. Lokacin zafi ne, irin wanda gumi ba ya bushewa, langa-langa na ƙara da kansa. Baba ne ke ɗaukar damman mujallar a kansa yana kai wa shago-shago, hannun matarsa yana raba wa gari. Ya ce yakan kifa su in ya sauke, kafin ya juya mai shago ya rataye ɗaya da maƙali a bakin ƙofa. A Sharafiyya kaɗai, layin da gidan kafilin yake, babu shagon da ba ta lilo. Kaka ta bar sayar da gyaɗa ta tare a bakin ƙofa da turminta. Inna ta ɗaure 'yan tufafinta a ƙunshi ta ajiye kusa da kwanon nan mara ƙusa. Ta fara koya mini dafa shinkafa da yi wa ƙannena wanka, ba ta gaya mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba. In ta yi mini kitso sai ta ja shi da ƙarfi, wai don ya daɗe.

Mota muke jira, sai abin ya zo da ƙafa. Ashe matar kafilin ta je wurin mai waƙa ta ce biki za ta yi, tana son ganin mai kyautar da idonta, ita kuwa da murnarta ta kwatanta mata gida. Ta bar direbanta a titi ta shigo layi ita kaɗai cikin abaya, kamar kowace mace. Kaka ba ta daka turmi ba. Wa ke daka turmi don mace ɗaya?

Da hantsi ne, Inna tana tsakar gida tana gasa bandiri. Matar ta yi sallama ta yaye fuskarta, wani turare mai sanyi ya shigo tare da ita. Inna na jin muryar ta saki bandirin a kan kasko, ta fizgo mayafi ta rufe fuska ruf. Abin da jikinta ya saba ke nan. Hannayen ta bari a waje.

Matar ta zaro mujallar daga jakarta, ta dubi bangon, ta dubi hannun. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"Da a kasuwa muka haɗu, wallahi da na wuce ki. Amma wannan, shi ke miƙo mini shayi, shi ke tallafe kan ɗana. Kin zaci zan manta?"

Inna ta ce, "Ammati," wato uwargijiyata, yadda take kiranta dā.

"Kin san ya ƙi madarar kwalba? Kin san har sai da ya koma kamar tsinke, muna zaga asibiti da shi, kukan ma ya daina iyawa? Kin tafi sayen burodi."

Can Inna ta ce, "Ya rayu?"

Matar ta kau da kai kamar ba za ta ba ta wannan ba. Sannan ta ce, "Ya rayu."

A lokacin ne ƙauri ya tashi, fatar bandirin da ke kan wuta ta fashe, tas, kamar an harba bindiga. Ƙanena ya tsala ihu. Babu wanda ya motsa ya ɗauke bandirin, yana nan yana hayaƙi a tsakaninsu. Ni ina maƙale a jikin randa ina kallon tazarar da ke tsakanin Inna da kwanon nan, na san ko ta kai babu amfani. Matar ta san gidan yanzu, kuma direbanta na titi.

Kaka ta shigo tana jan ƙafa. Ta shimfiɗa darduma kamar baƙuwar arziki ce ta zo, ta ce, "Zauna, 'yata, rana ta yi." Matar ba ta zauna ba. Sai Kaka ta juyo gare ni.

"Ke, zo ki gai da uwar ɗan'uwanki."

Na zo. Kaka ta dafa kaina ta ce da Larabcinta na tsofaffi, "Ita da shi nono ɗaya. Abin da ya gina ƙashinsa shi ya gina nata. Ba zai aure ta ba har abada, in ta shiga gabansa ba sai ta rufe kai ba, haka Allah ya ajiye. Wata rana zai yi gemu ya tambaye ki ina wadda ta shayar da shi. Ki fara shirya amsar tun yanzu, wace mota za ki ce ta ɗauke ta."

Matar ta kama haɓata ta ɗaga. Yatsunta da sanyi, da zobba. Ta daɗe tana kallona, kumatuna, wuyana, damatsana, kamar mai auna abin da aka hana ɗanta.

"Wannan ce?"

Inna ta ce, "Ita ce."

Ta sake ni. Ta nannaɗe mujallar a hannunta har ta zama kamar sanda, tana magana tana kallon bango.

"Maigidana yana wuce mujallar nan a bakin shago kullum, bai ga komai ba. Shi bai san hannu ba, bai san fuska ba. Amma ranar da ya sani, ba ni da ikon tare shi. Danginsa mata sun fi shi ido, kuma su ke cika bukukuwan da kuke zuwa. Kada hannun nan ya sake hawa takarda. Kada in shiga biki in gan shi." Ta gyara mayafinta. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta waiwayo ba. "Ni hannu na gani. Hukuma fuska take tambaya, ni kuwa ban ga fuska ba."

Ba mu yarda ba nan da nan. Kaka ta ci gaba da zaman turmi har damina ta zo, irin ruwan Jidda da ke sauka sau ɗaya ya cika layi da laka. Tun kafin nan sabuwar mujalla ta fito da wani mai gashin baki a bango, Baba ya kwashe ragowar tsohuwar da kansa ya mayar sito. Mota ba ta zo ba. Ƙunshin Inna kuwa ya daɗe a gindin kwanon kafin wata rana na ga ta kwance shi ta wanke.

Bandirin ba ta sa masa sabuwar fata ba. Mai waƙa ta zo ta yi lallashi, ta yi zagi, ta yi kuka, ta kira ta butulu, ta kira ta idonta, Inna dai tana tsince shinkafa. Daga baya ta aiko da kyautar, ɗan bandirin tagulla a kan katako. Kaka ta juya shi ta ce ko daddawa ba za a daka da shi ba. Inna ta naɗe shi a tsumma ta tura ƙasan akwati. Ta koma toya ƙosai a ƙofar gida. A shekarar da ta biyo baya wata ta ci kyautar, da fuskarta da sunanta. In an yi suna a layinmu aka kifa ƙwarya, mata kan ce Inna ta taɓa, sai ta yi murmushi ta ce hannu ya yi tsami. Amma in tana tankaɗe, ina jin luguden nan a gefen rariya, ƙasa-ƙasa, ba ta ma san tana yi ba.

Ta ga aurena. Ta wanke 'ya'yana. Wannan ne abin da ta saya da bandirinta, kuma ban taɓa jin ta ce ya yi tsada ba.

Mujallar ta daɗe bayan nan. Ta ga kaset ya mutu, ta ga faifan da ya gaje shi, tana ramewa kamar yadda ta faro, har ranar da ba a sake rataye ta ba. Shagunan Sharafiyya yanzu waya suke sayarwa. Kyaututtukan kuwa a talabijin ake ba da su, mata na hawa dandali da fuskokinsu a buɗe, ana tafi.

Kwanan baya jikata, wadda Hausarta ke fita da ƙyar, ta zo ta zauna a gefena da wayarta. Wai wasu sun tattara tsofaffin bangayen mujallar sun zuba a ciki, ana tambaya ko akwai wanda ya san mutanen. Tana turawa da yatsa sai ta tsaya.

"Sitti, shufi, duba, wannan irin yatsanki ne."

Ni ma da cindo aka haife ni, a hagu. Ta buɗe hoton da yatsu biyu har ɗan tsiron ya cika wayar. Na tambaye ta me aka rubuta a ƙasa. Ta ce, mai kiɗa, ba a san sunanta ba.

Na sa ta jawo akwati, na kwance tsumman na ɗora mata tagullar a cinya, ta yi kore saboda danshi. Ta ce, "Yalla, Sitti, faɗi sunan in rubuta musu."

Ku yarda, sai da na dubi ƙofa. Tsohuwa da ni, da takardata a jaka, sai da na kasa kunne ko zan ji turmi. Sannan na tuna inda Innata take. Tana kwance a ƙasar Jidda, a maƙabartar da muke wucewa in za mu asibiti, kuma babu motar da ke shiga can ta tambayi takarda.

Na ce, "Rubuta." Na faɗa mata sunan, da na ubanta, da na garinsu. Na faɗa da ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji.